Koriyar Takarda

Tun da na fara ba ku labarina kuke ta turo min saƙo wai na yi dace da Muhsin. Wata ma cewa ta yi in ba na so in miƙo mata lambarsa. To 'yar uwa, ɗan dakata ki ji abin da ya faru a makon nan. In kin gama ji kuma har yanzu kina so, wallahi da hannuna zan turo miki.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Nuriyya, shekarata ashirin da shida, ina zaune a Nassarawo cikin Jimeta, gidan Bappa Haladu ƙanin mahaifina. Ina aiki a wata jami'a nan Yola, sunanta dai ba zai fito daga bakina ba, a sashen da ke fita cikin gari da ƙauyuka yana yi wa jama'a hidima: ajin yaƙi da jahilci, noman rani, koya wa matan da rikici ya koro sana'a. Ni ce mai bin diddigin ayyuka. Wane aiki ya tashi, wane ya kwanta, motar wa za ta fita, takardar wa ta maƙale a teburin wa. Akwai farin allo a bayan kujerata, na raba shi gida-gida daga Litinin zuwa Juma'a, duk wanda aikinsa ya kwana biyu a gida ɗaya ya san zai ji muryata. A bayan idona Hajiya Hatimi suke ce min. Na sani, kuma ko a jikina.

Muhsin shi ne mai ɗaukar hoto da yaɗa labaran sashen. Dogo, mai sanyin murya, shaddarsa ba ta taɓa yamutsewa ko da zafin Yola ya kai inda ya kai. Ɗan cikin garin Yola ne, gidan malamai da alƙalai. Asabar ɗin nan manyansa za su zo gidanmu a sa rana. Juma'a kuma, wato yau da nake rubuta muku wannan, sashenmu ya yi bikin cika shekara goma da fara aiki da 'yan gudun hijira. Ku riƙe ranakun nan biyu.

Akwai wata doka da ni na kawo ta ofis, shekara biyu ina faɗa kafin a karɓa. Ba a buga fuskar kowace mace a fosta ko rahoto sai ta dangwala yatsanta a kan wata koriyar takarda. Kafin ta dangwala, mace 'yar uwarta za ta zaunar da ita ita kaɗai, ba miji ba mai unguwa, ta gaya mata da yaren da take ji inda hoton zai je da abin da za a rubuta a ƙarƙashinsa. In ta ce a'a, magana ta ƙare. Duk abin da za a kai wa mai buga takardu sai ya bi ta teburina na duba koriyar takarda na buga hatimi, sannan Darakta ya sa hannu.

Kun san me ya sa na nace? A ƙarshen Oktoban 2014, ranar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, ina da shekara goma sha shida. Babana ya fita nemo mota, har yau bai dawo ba. Ni da Dada, mahaifiyata, kwana huɗu muka yi a ƙafa cikin duwatsu kafin muka sami motar da ta sauke mu a wani sansani bayan garin Yola. Mako uku muka yi a can kafin Bappa ya gano mu. A cikin makonnin nan wani ya ɗauke ni hoto a layin ruwa, sanye da rigar wani namiji da aka ba ni, kai babu ɗankwali, leɓe a tsage, ina rungume da jan bokiti. Ban ga wanda ya ɗauka ba. Bayan wata shida sai ga ni a jikin bango, a jikin motocin agaji, har a bakin kasuwar Jimeta. 'Yan ajinmu suka sa min Mai Bokiti. Sai da Bappa ya canja min makaranta. Dada ta rasu bayan shekara biyu, daga nan babu wanda ya sake ambaton Mubi a gidanmu. Duk wanda ya tambaya, Bappa ya ce 'yarsa ce, shi ke nan.

To, Litinin da safe Tracy, abokiyar aikina mai riƙe fayil-fayil, ta ajiye min samfurin babbar fostar da za a kafa a ƙofar sashenmu, bakin titin da ke shiga Yola. Ta tsaya tana kallona, ba ta koma kujerarta ba.

"Duba dai da kyau," ta ce.

Fuskar Sakinatu ce, ɗaya daga cikin matan ƙungiyar noman albasa da muke kula da su a Vinikilang. Hoton ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tana dariya, ta ɗago damin albasa, kogi a bayanta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: Wata bakwai a hannun 'yan daji, yau ita ke ciyar da gidanta.

Na sake karanta rubutun. Wannan maganar ba ta cikin kowane fayil. Sakinatu ni kaɗai ta gaya wa, ni kuma Muhsin kaɗai na gaya wa, wata rana da yamma a motarsa muna dawowa daga gona, ina kuka yana miƙo min hankici. Ku zage ni, na cancanta.

Na jawo koriyoyin takardun da aka haɗo da fostar. Guda ashirin da uku, na duk matan ƙungiyar da aka ɗauka hoto, kowacce da sunan mace a sama da dangwale a ƙasa. Na jera su a kan tebur. Babban yatsa ne mai faɗi, da tabon yanka a tsakiyarsa. Ta farko tabo, ta biyu tabo, har ta ashirin da uku. Mata ashirin da uku, yatsa ɗaya!

Na ɗauki waya na tura wa Muhsin saƙo.

"Ka zo ofis ɗina."

"Ranki ya daɗe amarya, umarni ko gayyata?" Har da hoton fure ya haɗo.

"Ka zo."

Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Farar shadda, hula zanna, agogon da na saya masa da sallah a hannu. Na tura masa takardun.

"Yatsan wa ne wannan?"

Ko gezau bai yi ba. "Na Jauro Hamajoɗa, mai garinsu."

"Jauro mace ne?"

"Haba Nuri. Ke ma kin san yadda ƙauye yake. Jauro uban kowa ne a wurin. Ni namiji, in tsallake shi in shiga ina keɓewa da matan mutane ɗaya-ɗaya? Ai ranar za a hana motarmu shiga garin. Na kai masa takardun cikin girmamawa, ya ce duk 'ya'yansa ne, ya amince musu. Har fura ya sa aka dama min."

"Shi ya sa dokar ta ce ka tafi da ni ko Tracy."

"Kina taro, Tracy tana can unguwar Bako, lokaci yana tafiya. Ke ce fa kike rubuta sunan mutum a allo in ya makara."

Kun ji ko? Allona ma ya zama mai laifi.

"Rubutun ƙasan fa? Wa ya ba ka?"

Nan ya ɗan sunkuyar da kai, amma ba don kunya ba, murya ya sassauta irin yadda yake yi in yana so in sauko. "Labarin nasara ne. Abin alfahari ne a gare ta. Ni fa taimakonta nake yi."

Ban buga hatimi ba. Na sa takardun a durowa na kulle.

Talata da sassafe na ɗauki motar ofis na haye gada zuwa Vinikilang. Na sami Sakinatu a bakin kogi tana jan tiyo tsakanin kunyoyi, zani ɗaure a ƙugu, ƙafa duk laka. Na ja ta gindin wata bishiya nesa da sauran matan, na nuna mata samfurin a waya, na karanta mata rubutun. Ta daɗe tana kallon fuskarta. Sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Malama, ke na gaya wa."

"Na sani."

"Ke kaɗai na gaya wa."

Na durƙusa a gabanta, ta ci gaba.

"Maigidana ya sani, ya rufa min asiri, Allah ya rufa masa. Amma uwarsa ba ta sani ba, 'yan uwansa ba su sani ba. Ga Yusrah tana aji huɗu. Ita ta san shi ne babanta." Ta share fuska da bakin zani. "Mutanen nan sun iya ƙirga wata, Malama. In suka ga bakwai ɗin nan za su ƙirga. Wa zai sake zama benci ɗaya da ita? Ni ban ce komai a kaina ba, na riga na ga abin da na gani. Yarinyar fa?"

Na ce mata ba za a kafa ba. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya taɓa yin alkawari. Ta tashi ta koma kan tiyonta, ba ta ce min sai an jima ba.

Daga can ofishin Darakta na wuce, Dakta Bobboyi. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin da ba ya son hayaniya. Ya saurare ni yana juya biro.

"Kin yi gaskiya, Nuriyya. Dokarki ce, ni na sa mata hannu. Amma masu tallafa mana daga Abuja za su taso. Shekara goma! Ba albasa za su zo gani ba, mutum suke so su gani. Mai buga fosta ya ce Alhamis sha biyun rana ko ya fasa. Ki kawo min fuska mai koriyar takarda ta gaskiya, da labarin da zai taɓa zuciya, in sa hannu yanzu. In babu, to Jauro dai shugabansu ne, ba za a ce ba a nemi izini ba."

Na fito na zauna ni da Tracy muka bi fayil ɗaya-ɗaya. Masu takarda ta gaskiya suna nan, amma duk sun yarda ne a sa hotonsu a rahoto, ba a bakin titi ba. Matan sun fi mu wayo.

Laraba na dawo gida bayan la'asar na tarar tsakar gida ya kacame. Goggo, matar Bappa, ta tara maƙwabta ana suyar cincin da dubulan na baƙin Asabar, hayaƙi ya cika ko'ina. Tela ya aiko da ɗinkina, leshi ruwan zuma da aikin duwatsu a wuya, an rataye shi a ƙofar ɗakina cikin leda. Ko taɓa shi ban yi ba, Goggo ta ce Bappa yana kira.

Yana zaune kan tabarma a gindin darbejiya, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Muhsin ya zo wurina," ya ce. "Bai kawo ƙararki ba, yaron yana da kunya. Shawara ya nema. Ya ce kin riƙe masa aiki a gaban mutane."

"Bappa, ba shi na riƙe ba. Wata baiwar Allah ce za a tona wa..."

"Ita wannan baiwar Allah, uwarki ce?"

Ya ja carbi ya ci gaba.

"Jauronsu ya yarda. Shugabanku ya yarda. Mijin da za ki aura ya roƙe ki. Ke wace ce a cikinsu?"

Goggo ta matso da matsami a hannu, mai yana ɗiga. "Ke dai Nuriyya ba ki san inda ke miki ciwo ba. Shekara ashirin da shida! Sa'anninki suna kai yara makaranta, ke kina fama da hatimi. Kin san irin tambayar da Hajiyarsa ta yi kafin ta yarda? Asalinki ta bi, gida-gida. Bappanki ya ce 'yarsa ce ke, a ɗakin nan kika tashi. Gidan nan nasu ba sa ɗaukar wadda ta kwana a sansani, ke ma kin sani. Allah ya rufa miki asiri, ke kuma kina neman yaye wa kanki saboda wata mai albasa."

Wallahi maganar ta shige ni har ƙashi. Ba don ƙarya ta yi ba. Mutanen nan sun ɗauke ni ba ni da ko takalmi, sun yi min makaranta, ba su taɓa bambanta ni da nasu ba. Amma ranar na gane shekara goma ke nan suna ɓoye ni kamar tabon ƙuna a zanin fita.

"Gobe ki buga masa hatiminsa," Bappa ya ce. "Na gama magana."

Na ce to. Me zan ce?

Alhamis ƙarfe tara ina kan teburina, hatimi a gabana, takardun Jauro a gefe. Saƙon Muhsin ya shigo.

"Kin tashi lafiya, sarauniyar allo?"

Sai ga wani saƙon.

"Saura awa uku fa."

"Ba zan sa Sakinatu ba. Ka nemo wata."

Ya ɗan jima yana rubutu yana gogewa. Sai ga shi: "To ai akwai wata. Labarinta ya fi na kowa. Tata ma ba ta buƙatar koriyar takarda, tun kafin dokar aka ɗauka."

Hoto ya biyo baya. Na danna.

Jan bokiti. Rigar namiji. Leɓena.

Ba irin wanda na sani ba ne, wanda rana ta kwashe wa launi a jikin bango. Wannan tas yake, har ƙudan da ke kan hannuna ana gani. Kuma ba ɗaya ba ne, guda biyar ya turo a jere: ina tsaye, na juya, na sunkuya, ga Dada a bayana tana riƙe da gefen rigata. Dada! Ba ni da hotonta ko ɗaya a duniya, ashe tana cikin kwamfutar mutumin da ke kirana amarya.

Na rubuta: "Ina ka samu?"

"Ni na ɗauka. Ina ɗalibi lokacin, muna aikin sa-kai. Ranar da kika fara zuwa ofis na gane ki. Ban faɗa ba don kar ki ji nauyi. Kin ga ni na san komai kuma na ce ina so, ko Hajiya ban gaya wa ba."

Wani saƙon ya sake shigowa: "Wasa nake yi fa, kin san ba zan bari a kafa ki a titi ba. Nufina ki gane ba mu da wata. Buga hatimin mu wuce wurin, Nuri."

Shekara uku ke nan ina ba mutumin nan labarin Mai Bokiti. Na gaya masa yadda nake bin lungu don kar in wuce ta bakin kasuwa. Na gaya masa na tsani wanda ya ɗauki hoton nan ko a lahira ba na son ganinsa. Yana jina, yana gyaɗa kai, yana miƙo hankici. Yau kuma ya zaro shi ya ɗora min a wuya don ya san ba zan iya ba.

Ban yi kuka ba, abin ya wuce nan. Na kira Tracy na ce ta rufe ƙofa.

"Ɗauko koriyar takarda sabuwa. Ki zauna ki karanta min."

"Ke kika rubuta ta fa."

"Doka ta ce a karanta wa mace. Karanta."

Ta karanta min tun daga sama. Inda hoton zai je, tsawon lokacin da zai yi a kafe, cewa ina da ikon in ce a'a. Da ta zo nan ta tsaya.

"Nuriyya, jibi ne fa. Titin nan surukarki take bi."

"Na sani. Miƙo tawada."

Na dangwala. Na zaɓi hoton da Dada take ciki. Tracy ta ɗauke ni wani a gaban farin allona, da atamfar da ke jikina, ko hoda ban ƙara ba, muka jera su gefe da gefe. Rubutun ƙasa ni na yi abina: Nuriyya, daga Mubi, 2014. Yau ita ke tsara ayyukan wannan sashe. Na buga hatimi, na kai wa Dakta Bobboyi. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya cire tabarau ya goge, ya sa hannu. Sha ɗaya da rabi Tracy ta hau keke ta kai wa mai bugawa da kanta. Takardun Jauro ashirin da uku kuwa na yage su na zuba a kwando. Muhsin ya ga an goge sunansa daga allo, ya ɗauka na sauko, har ya turo min "Allah ya yi miki albarka, matata."

Yau da safe aka kafa ta. Ta fi ƙofar ofis ɗinmu tsawo. Baƙin Abuja suka tsaya a gabanta suna ta ɗaukar hoto, wata har da hawaye. An kawo matan Vinikilang a bas. Na ga Sakinatu ta sauko, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo. Ta nemo ni da ido cikin taro. Ba ta yi murmushi ba, ba ta zo ba, ta dai gyara jakarta a kafaɗa ta shige cikin 'yan uwanta ta zauna kamar kowa. Wannan ya ishe ni.

Muhsin ya iso a makare da kyamara a wuya. Ina kallonsa daga rumfa lokacin da ya fito daga mota ya ɗaga kai. Ya tsaya cak. Ya zo ya ja ni bayan rumfa, karo na farko da na ga gumi ya ɓata masa shadda.

"Kin haukace ne? Hajiya za ta bi ta nan in an sauko daga masallaci! Yayyena, kawunnaina, kowa! Me zan ce musu?"

"Ka ce musu labarin nasara ne. Abin alfahari."

"Nuriyya, wannan ba ke kaɗai ya shafa ba. Sunan gidanmu ne. Ya za ki yi abu irin wannan ba ki tambaye ni ba?"

Na dube shi sosai, har sai da ya kawar da ido.

"Kai da ka ɗauka, ka tambaye ni?"

Ban jira amsarsa ba, na koma na ci gaba da raba wa baƙi jadawalin taro.

Yanzu ƙarfe huɗu da 'yan mintoci. Ina ɗakina, leshin nan ruwan zuma yana rataye a ƙofa cikin ledarsa, tsakar gida cike da robobin cincin. Kiran Muhsin goma sha ɗaya ban ɗaga ba. Ɗazu wayar Bappa ta yi ƙara a gindin darbejiya, na ji ya miƙe tsaye yana cewa "Ranki ya daɗe, Hajiya," daga nan ban sake jin muryarsa ba sai "na'am, na'am." Goggo ta daina kwashe dubulan. Ga takun takalminsa nan yana nufo ƙofata, ni kuma na buɗe hoton Dada na ajiye wayar a kan cinyata, don in ya tambaye ni 'yar wace ce ni, yau ina da abin nuna masa.